Rakin Rabe

Barunde, Gombe
14 ga Mayu, 2023

Zuwa ga Hammana Abdulaziz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Adda Bilkis da yara, da fatan Alƙahira tana riƙe ku da kyau. Mu nan lafiya lau, damina ta fara leƙowa. Baba yana nan da sauƙi, sai rawar hannun da ka sani, wadda kullum gaba take yi. Na rubuta wannan a takarda zan ɗauki hotonta in turo maka, don a waya kai kaɗai kake magana, ni kuwa sai "to, to" har layi ya katse.

Na kai wa Baba jerin kalmomin da ka ce in tambayar maka saboda ƙamus ɗin da kake haɗawa. Goma sha ɗaya ya amsa mini su tiryan-tiryan, suna bayan takardar nan. Da na zo kan "raki" sai ya taɓe baki, ya ce malamin Hausa guda yana tambayar abin da ya bari a gidan ubansa, in ce maka ka leƙa bayan gida wajen akurki za ka ga ma'anarta tana ba kaji ruwa. Ɗan'uwanmu Rabe yake nufi.

To bari ni in ba ka tawa. Mai raki shi ne wanda abu kaɗan ke sa shi kuka da kururuwa. Yaron da ya fara ihu tun mai allura bai buɗe jaka ba, raki gare shi. Macen da ta tara unguwa tun naƙuda ba ta kankama ba, unguwarzoma za ta ce mata ta rage raki. Ga mace da yaro tsokana ce, ga namiji mai gemu kuwa zagi ne. Rabe shekararsa arba'in da ɗaya, kuma duk unguwarmu ta Kumbiya-Kumbiya in ka ce Rabe sai an tambaye ka wanne, in ka ce Raki yaro ma zai nuna maka gidanmu. Ni kaina ban taɓa ce masa Hamma ba, alhali ya girme ni da shekara biyar. 'Ya'yana Kawu Raki suke ce masa, yana amsawa.

Kuma ba a yi masa ƙazafi ba. Rediyo ya yi sanarwar rasuwar wanda bai taɓa gani ba, hawaye. Ranar da Batul ɗiyata ta fara tafiya, shi ya yi kukan, ni uwar ina dariya. A rumfarsa ta hatsi a kasuwa, tsohuwa ta ba shi labarin halin da take ciki, sai ka ga ruwa yana bin gemu yana ƙara mata tozo a kan mudu. Ummukulthum matarsa ta ce ta daina wanke masa hankici ɗaya-ɗaya, dozin take tarawa.

Asalin sunan kana makarantar kwana aka yi shi, amma Inna, Allah Ya jiƙanta, ta sha ba ni labari. Zan rubuta maka al'adar zauren dalla-dalla don ɗalibanka. Duk wanda aka kawo wa Baba da karaya, da kazarsa yake zuwa. Maɗori zai karya ƙafar kazar, ya ɗora ƙashin mutum, ya ɗaure na kazar, a kai ta akurki. Ranar da kaza ta taka ƙasa daidai, an san mai karaya ya warke. Wasu malamai sun sha yi wa Baba magana a kai, ya ce haka ya gada daga kakansa Bamanga. Rabe yana ɗan shekara tara Baba ya miƙa masa kaza ya ce ya karya, don a fara koya masa taurin zuciya. Ya rungume kazar ya fashe da kuka, ya ruga da ita cikin gida ya ɓuya bayan Inna, zaure cike da mutane. Nan Baba ya ce wannan Raki ne, ba zai yi ɗori ba, tunda kaji yake tausayi ya je ya yi jinyarsu. Daga ranar bai sake zama a zauren ba, akurki ya zama aikinsa safe da yamma har yau.

Ga maganar da ta sa na tsawaita. Baba ya ce in gaya maka hannunsa ya gama aiki. Jiya ƙullin tsumma ya gagare shi a gaban mutane, na ga fuskarsa, ban so na gani ba. Ya ce in ba ka dawo ka karɓi jakar Bamanga ta kayan ɗori ba kafin Babbar Salla, zai rufe zauren ya sa a binne jakar a bayan gida, don gara gado ya mutu da mutuncinsa. Na ce ai ga Rabe, sai ya kalle ni kamar na yi saɓo. Na san ba za ka bar aikinka ba, kai da ko jinin kaza ba ka son gani, kai dai Allah Ya rufa maka asiri ba ka kuka. Amma Hamma, ɗorin da aka gada tun daga Bamanga ne zai shiga rami, kuma ina jin tsoron Baba ba zai daɗe ba bayan jakar.

Ka yi tunani ka ba ni amsar da zan iya faɗa masa. A gaida Adda da yara.

Taka ƙanwa,
Safiyyatu


Barunde, Gombe
9 ga Yuni, 2023

Hammana,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Kada hankalinka ya tashi da abin da Ummukulthum ta gaya maka a waya jiya, tana kuka tana magana ba ka ji rabinsa ba. Baba yana raye, ya sha kunu da safe, har ya yi wa jikoki tsawa. Amsarka ta cewa ba za ka iya dawowa ba kuwa, kwana goma tana cikina ban isar ba, sai ga shi Allah Ya kawo abin da ya sha gabanta.

Jiya Alhamis an yi ruwa da rana. Baba ya fito alwalar la'asar, santsi ya ɗauke shi a bakin rijiya, ya kare da hannun dama. Ina gidan, a kunnena ƙashin ya yi ƙara. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ne, hannun ya lanƙwashe inda Allah bai yi masa gaɓa ba. Na ce a nemo keke napep a tafi asibiti, ya ce sai dai a kai gawarsa. Na ce a kira wani maɗori, ya ce shi Bappayo bare ba zai taɓa hannunsa ba. Ya sa aka kwantar da shi a zaure kan tabarmar da ya shekara hamsin yana kwantar da mutane, aka kira Sallau mahauci don ƙarfinsa, wai shi zai riƙa faɗa Sallau yana ja. Sallau ya ja sau ɗaya, Baba ya yi fari fat, gumi ya karyo masa, hannun kuwa ya ƙara karkacewa. Sallau ya saki ya koma gefe yana salati.

Ana cikin haka Rabe ya shigo daga kasuwa, garin masara har gira. Tun daga ƙofar gida muka ji kukansa. Maƙwabta suka ce a fitar da shi kada ya ƙara wa tsoho ciwo, ni ma, Allah Ya yafe mini, na kama rigarsa ina ja. Ya zame hannuna a hankali kamar yadda ake cire ƙaya, ya durƙusa gaban Baba, ya tallafi hannun.

Baba ya buɗe ido ya ga ko waye. Ina jin ba shi da ƙarfin kora ne, sai ya ce to a kamo kaza. Aka kamo, aka miƙa wa Rabe, tsofaffin da ke zauren suka dubi juna, don sun tuna waccan ranar. Abin da ya faɗa ba zan manta ba: "Baba, ko za ka tsine mini, yau ba za a karya ƙafar kowa ba. Karaya ɗaya ta ishi gidan nan." Ya sa aka saki kazar ta fice tana kyarkyara.

Hamma, na ga Baba yana ɗori tun ina rarrafe, na san yadda ake yi: ƙarti biyu su danne, maɗori ya ce "munyal", wato haƙuri da Fillanci, ya fizga, mai karaya ya suma ko ya kusa. Abin da na gani jiya daban ne. Rabe ya rufe ido, hawaye na zuba ta gemu suna ɗiga a tabarma, kafaɗunsa na girgiza, amma daga wuyan hannunsa zuwa yatsu ko motsin banza babu. Ya shafa man shanu, yatsunsa suka riƙa tafiya a kan fatar a hankali. Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne, kafin ya iso inda ciwon yake sai shi ya fara cije leɓe, sannan Baba ya yi nishi. Sau uku ina lura, kullum shi ke riga Baba jin zafin. Yana yi yana wannan 'yar ƙaramar muryar da yake yi wa kaji in zai kama su, a gaban dattawan unguwa, kuma ba wanda ya yi dariya.

Bai sa kowa ya danne ba, ni kaɗai ya ce in riƙe gwiwar hannun. Ya ɗauki lokaci har na fara jin hannuna ya gaji. Sai ya ja kaɗan, ya murɗa kaɗan, na ji wani abu ya zauna a ƙarƙashin tafina kamar an rufe murfin kwano. A daidai nan Baba ya ƙwala ihu, ya ce "Wayyo Inna!" Tsoho ɗan shekara saba'in da takwas, wanda ranar rasuwar Innarmu ko idonsa bai yi ja ba, yana kiran uwarsa da ta rasu tun ba a haife mu ba. An ce wanzami ba ya son jarfa, jiya na ga haka da idona.

Rabe ya fere karan dawa da kansa, ya jera, ya naɗe da tsumma. Ƙullin da ya yi ƙarami ne, ban taɓa ganin irinsa a zauren ba. Da ya gama Baba ya ɗaga hannun hagu ya bi ɗaurin daga sama har ƙasa, ya sake bi, ya tsaya a kan ƙullin yana taɓawa. Muna jira ya ce madalla ko ya ce a kwance. Sai kawai ya juya fuska bango. Rabe kuwa ya tashi ya tafi ba kaji ruwa, don lokacinsu ya yi.

Tun jiya nake tambayar kaina a ina ya koya. Bai taɓa zama a zaure ba, Baba bai taɓa nuna masa ko riƙon kara ba. Na tambayi Ummukulthum, ta ce ita ma kallo take. Na kwana ina jin kunya da tsoro a haɗe, irin wanda mutum ke ji in ya gane ya daɗe yana zama kusa da abu mai girma yana ɗora masa ƙafa.

Maganar jaka tana nan, Baba bai janye ba, Salla kuma saura kwana goma sha tara. Ka sa mu a addu'a. Kowa yana gaishe ku.

Taka,
Safiyyatu


Barunde, Gombe
30 ga Yuli, 2023

Hammana Abdulaziz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya, an yi Salla lafiya, Allah Ya maimaita mana. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, na so sai magana ta kai ƙarshe in rubuto maka ita ɗungurungum.

Salla ta zo ta wuce Baba bai ambaci jaka ba, mu ma ba mu tuna masa ba. Abin da ya dame shi, da mutanen unguwa, shi ne babu kaza. Kowa ya zo dubiya sai ya ce to yanzu da me za a gane an warke? A sati na huɗu maƙwabciyata Jacinta, wadda ke aikin jinya, ta bi ni dubiya. Ta iya da tsofaffi, ta ce masa ita ba magani za ta ba shi ba, so take likitocinsu su ga aikin gidan Bappayo su ƙaru. Da wannan ta ja shi aka yi hoton ƙashi. Ta ce likitan ya daɗe yana kallon hoton, ya ce an yi sa'a ƙwarai, ba kowace irin wannan karaya ke zama ba tare da tiyata ba, ya kuma tambayi wa ya ɗora. Baba ya ce ɗansa ne. Jacinta ta ce likitan bai san nauyin kalmar ba, ni na sani.

Washegari da yamma na je gida na tarar ba ya zaure. Ashe ya sa an kai masa kujera bayan gida wajen akurki, inda na tabbata ya fi shekara ashirin bai taka ba. Na tsaya daga bakin rumbu. Akwai kaza ɗaya da ta rage, ta mutumin ƙarshe da Baba ya ɗora kafin ya faɗi. Rabe ya ɗauko ta ya kwantar a cinya yana duba ƙafar, ga 'yan tsinkaye da ya fere sirara an jera, ga zare, ga irin ƙullin nan ƙarami. Baba ya tambaye shi tun yaushe yake kwance ɗaurin da aka yi a zaure ya sake nasa. Ya sunkuyar da kai ya ce tun kazar farko, don ya ga tana kwana ba ta runtsa ba.

Hamma, ka tsaya ka auna wannan. Baba da bakinsa ya gaya mini daga baya cewa shi ɗaurin gaggawa yake yi wa kaji, hankalinsa na kan mutum, ya naɗe ya jefa wa yaro. Amma abin da ya sa sunan gidanmu ya kai har Bajoga da Kaltungo shi ne ana cewa kazar Bappayo ba ta taɓa ɗingishi. Shekara talatin da biyu, kaza biyu ko uku a sati, ƙashin da bai kai kaurin tsinken tsire ba, Rabe yana ɗorawa shi kaɗai a bayan gida yana kuka, mu muna wucewa muna cewa ga Raki can da 'yan'uwansa. Baba ya kore shi daga makarantar zaure ne ya tura shi wadda ta fi ta wuya bai sani ba. Muna ta zaton wuta a maƙera, ashe tuni ta tashi a masaƙa.

An kwance hannun ranar Laraba. Ya miƙe sambal, yana riƙe moɗa da shi, rawar tsufa dai tana nan. Shekaranjiya Juma'a da hantsi Baba ya tara dattawa a zaure, ya sa aka kira Rabe, ya ɗauko jakar Bamanga da hannun daman ya ɗora masa a cinya, ya tashi daga buzun da yake zama a kai in zai yi ɗori ya koma gefe. Ka san abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Sallau ya buɗe baki zai yi tsokanar da aka saba, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce a ƙyale shi, da wannan ruwan yake gani. Kafin azahar aka kawo wani ɗan dako daga kasuwa, buhu ya faɗo masa a ƙafa, 'yan'uwansa riƙe da kaza. Rabe ya duba ya ɗora, ya ce gobe su je a yi hoto a tabbatar, kazar kuma su koma da ita a yi wa mara lafiya farfesu in sun so, amma a zauren nan an daina karyawa. Na dubi Baba, carbinsa kawai yake ja.

Jiya ya kira ni ya ce in ɗauko takarda, amsar da ya ba ka a kan kalmar nan ba daidai ba ce, kada ka sa ta a littafi. Ga yadda ya ce in rubuta, ban canja ko harafi ba: "Mai raki shi ne wanda ke kuka don ciwon jikinsa. Rabe ya taɓa faɗowa daga kan rumbu ya fasa kai, Innarsa ce ta yi kuka, shi bai yi ba, na gani na manta. Ban taɓa ganin ya zubar da hawaye don kansa ba, ko ranar da na sa masa sunan, kazar yake yi wa. In ana neman mai raki a gidan nan, a rubuta wanda ya kira uwarsa a kan tabarma." Da ya kai nan ya goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙin murhu ne ya shiga masa ido. Ba a hura wuta ba a lokacin.

Sai kuma ya ba ka aiki. Ya ce kai da ka tara kalmomi har Masar, ka duba masa wadda ake kiran mutumin da ke jin ciwon wani kafin mai ciwon ya ji. Ya ce ya laluba a Hausa, ya laluba a Fillanci, bai samu ba, kuma yana so ya kira ɗansa da ita ko sau ɗaya kafin ya mutu. Don Allah kada ka yi jinkiri, ka san shekarunsa.

Ni kuwa kafin ka samo, na fara da wadda ke hannuna. Da zan taho jiya na leƙa zaure na ce, Hamma Rabe, sai da safe. Ya waiga bayansa yana neman wanda nake yi wa magana.

A gaida Adda Bilkis da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa har kullum,
Safiyyatu Bappayo